Taru Mai Ƙofar Fita

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masunta a bakin kogi ya san yadda ake yi. In an jawo taru gaɓa, sai a duƙa a tsince. Babban kifi a jefa shi kwando, ɗan ƙarami a mayar da shi ruwa tun yana motsi. A teku abin ba haka yake ba.

A can, manyan jiragen ruwa ne ke jan taru. Tarun kamar wata ƙatuwar jaka yake, baki a wangame, gindi a tsuke. Jirgi zai yi ta jan sa a ƙarƙashin teku awa biyu, uku, har fiye. Taru kuwa ba ya zaɓe. Mai jirgi jatan lande ya fito nema, amma in an kwance gindin jakar sai ga 'ya'yan kifi, da ƙaguwa, wani lokaci har da kunkurun teku. Ma'aikata su tsince abin da zai yi kuɗi, saura su kwashe da shebur su watsa a ruwa.

Sai dai mafi yawan abin da ake watsawa ya riga ya mutu. Na ƙasa nauyin na sama ya danne shi. Wani kifin kuma saurin fito da shi daga zurfi ne ke kumbura masa ciki. A rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2019, ta kiyasta cewa kifin da ake zubarwa haka a duniya ya kai tan miliyan 9 a shekara, kuma kusan rabinsa daga irin wannan taru mai share ƙasan teku yake. Abin yana da ciwo, domin ɗan kifin da aka zubar yau shi ne da zai girma ya hayayyafa baɗi.

To, tunda kifi in ya hau jirgi ya gama yawo, dabara ita ce a sake shi tun yana cikin ruwa.

Mu ɗauki kunkurun teku. Iska yake shaƙa kamar mu. In taru ya riƙe shi a ƙasa, sai ya nutse ya mutu. A Amurka aka ƙera wani ƙarfe mai sanduna a jere, kamar ragar gasa nama. Ana ɗinka shi a jingine cikin wuyan taru. Tsakanin sanda da sanda bai wuce santimita 10 ba. Jatan lande ƙanana ne, sai su bi ta tsakani su faɗa jaka. Kunkuru kuwa ba zai shige ba. In ya bugi ƙarfen, sai ya sulale har bakin wata ƙofa da aka yanka a jikin tarun, ya fice abinsa. Gwaji ya nuna cewa cikin kunkuru 100, kusan 97 suna kuɓuta.

Da farko masu jirage sun ƙi. Suka ce ta wannan ƙofa jatan landensu zai zube. A 1989 har tare hanyoyin jirage suka yi a gaɓar Texas don nuna fushi. Tsoronsu ba na banza ba ne, domin ƙarfen da aka ɗaura a karkace yana jawo asara. Amma in an ɗaura shi daidai, jatan lande yana fitowa bai farfashe ba, aikin tsinta kuma ya ragu.

Ƙananan kifi fa? Su ma ta tsakanin sandunan suke bi su shiga jaka. Maganinsu yana ga idon raga. Idon da aka saba saƙawa, in taru ya yi nauyi ya miƙe, sai ya tsuke har ɗan yatsa ba ya shiga. Shi ya sa ake sa wani yanki mai ido murabba'i a saman tarun. Wannan ko an ja shi a buɗe yake zama, kamar rariya, ɗan kifi ya samu mafita.

Wasu ƙasashe sun ƙara da doka. Norway ta fara hana zubar da wasu irin kifi a 1987, Tarayyar Turai ta bi sahu daga 2015. In dole ne ka kawo abin da ka kama gaɓa, ai za ka kula da inda kake jefa taru.

Mu ma a Najeriya abin ya shafe mu. Jiragen jatan lande suna tashi daga Legas, kuma Amurka ba ta sayen na ƙasar da jiragenta ke hallaka kunkuru. Dokar Najeriya ta hana waɗannan jirage jan taru cikin mil 5 daga gaɓa, inda masu kwalekwale ke neman abinci. Ta kuma ce idon jakar tarun jatan lande kada ya gaza milimita 44, na kifi kuma 76. Wahalar ita ce bincike, domin akwai masu ɗinke ƙofar fitar kunkuru da zare da zarar jirgi ya yi nisa da gaɓa.