Amsoshin Tambayoyinku: Motata na ɗaukar zafi in na ja tirela

Tambaya: Ina da a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux ta 2012, mai shan gas, injin 2.5 mai turbo, giyar hannu. Sana'ata fataucin shanu. Duk Juma'a nakan ɗaura mata ƙaramar tirela da mai walda ya haɗa mini, in kwashi shanu daga Kara a nan Wudil zuwa Kano, wani lokaci Dutse ko Azare. Da sanyi ba ta ba ni matsala, amma tun da bazara ta shigo allurar zafi ke hawa in na yi lodi, kuma tana fitar da baƙin hayaƙi in na taka ta. Makanikena ya ce a cire tamostat, in abin ya ƙi a kashe turbo gaba ɗaya, wai ba don ƙasarmu aka yi shi ba. Ina mafita? Daga mai karatu a Wudil.

Amsa: Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kada ka bari a cire ko ɗaya daga cikin biyun. Makanikenka ya ga zafin da gaske, amma maganin da ya kawo ba ya taɓa inda ciwon yake. Irin wannan inji, wanda Toyota ke kira 2KD, yana aiki a Saudiyya da Ostireliya, inda rana ba ta fi tamu sauƙi ba, da turbonsa da tamostat ɗinsa. Abin da ya kamata mu bincika shi ne abin da ke haifar da zafin, da abin da ya hana shi fita.

Turbo fanka ce biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta biyun tana tura iska da ƙarfi zuwa cikin inji, domin a samu damar ƙona mai da yawa a ƙaramin inji. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma hayaƙin da ke bugun ta kan wuce digiri 600 idan mota na jan kaya. In motarka ba ta da lodi, turbo na aiki da ƙarfi ne jefi-jefi, in za ka wuce wata mota ko za ka hau gada. Da ka ɗaura tirela, ba ya hutawa tun daga Wudil har Mariri. Daga nan zafin yake zuwa, kuma ƙafarka ce ke ƙayyade yawansa.

Shi ya sa nake so mu daɗe a kan tuƙi, don nan ne gyaran da ba ya cin ko sisi. Yawancin direbobinmu sun saba da cewa saurin kai wa giya ta biyar shi ne tattalin mai. Da lodi, wannan shi ne babban kuskure. In kana giya ta biyar, inji na juyawa a ƙasa, ka danne totur har ƙasa motar tana nishi, to mai na shiga da yawa, iska kaɗan, famfon ruwa da fanka kuma suna juyawa a hankali domin da inji suke tafiya. Wato ka ƙara wuta ka rage fifita. Baƙin hayaƙin da kake gani man da bai ƙone ba ne, kuma duk lokacin da ka gan shi a madubi, ka sani zafin cikin inji ya hau tun kafin allura ta motsa. Ka ja tirela a giya ta huɗu, ka riƙe juyin inji tsakanin 2,000 da 2,500, ka tsaya a gudun kilomita 70 zuwa 80. In ka ji sai ka danne totur gaba ɗaya kafin motar ta riƙe gudunta, sauko giya ɗaya. Akwatin giyar ma zai gode maka, domin ta huɗu ce ke ɗaukar ƙarfin inji kai tsaye, ta biyar kuwa ƙaramin haƙori ne da ba a yi shi don jan nauyi ba.

Hanyar Kano zuwa Wudil, da wadda ta wuce Shuwarin zuwa Azare, shimfiɗaɗɗiya ce, ba tsauni. Abin da ke dafa inji a nan gudu ne da iska mai tunkarar tirela mai dogon keji, sai kuma cunkoson ranar Juma'a a bakin gadar Wudil, inda za ka shigo da inji mai zafi ka tsaya cak ba iska. In wata rana ka bi ta Birnin Kudu da Ningi ka nufi Jos, can ne za ka gamu da hawa na gaske, kuma ka sauko giya tun kafin ka fara hawan, kada ka jira sai motar ta kasa.

Kada ka dogara da allurar nan fiye da kima. An yi ta ne ta zauna a tsakiya ko da zafin ruwa na sama da ƙasa, ba ta tashi sai abu ya yi nisa. Idan har ka ga tana hawa, to injin ya jima yana wahala. Akwai ƙaramar na'ura da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, tana nuna zafin ruwa da lambobi a wayarka ko a ɗan allo. Ga mai sana'a irin taka, ta fi fitilun ado amfani nesa ba kusa ba.

Yanzu batun tamostat. Ƙofa ce da ke rufe hanyar lagireto har sai ruwa ya kai kusan digiri 82, sannan ta buɗe. Da ta buɗe gaba ɗaya, ba ta hana ruwa wucewa, saboda haka lafiyayyen tamostat ba ya sa mota tafasa. Akwai kuma aikinsa na biyu da ba a cika faɗa ba: idan ya buɗe hanyar lagireto, yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin inji. In aka cire shi, gajeriyar hanyar nan na nan a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa inji bai leƙa lagireto ba. Sai ka ga motar na sanyi ƙarara in ba kaya, ta kuma tafasa da lodi. Da asubar hunturu kuwa injin ba zai taɓa kai zafin da yake buƙata ba, ya sha mai, ya tara baƙin toka, ya ci kansa. In ana zargin naka ya maƙale, a jefa shi cikin ruwan zafi a gani ko yana buɗewa, in ya ƙi a sa sabo na asali. Kashe turbo kuwa ya fi wannan muni. Kwamfutar motar da nozul da fistin duk an tsara su ne da lissafin iskar da turbo ke kawowa. In babu ita, za ka samu mota marar ƙarfi, mai hayaƙi, wadda sai ka danne ta kafin ta motsa, kuma ka ga mun koma kan abin da ke kawo zafin.

To me ya hana zafin fita? Motar da ta yi lafiya da sanyi ta kasa da bazara, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40 a watan Afrilu, tana gaya maka cewa kayan sanyayarta sun rage ƙarfi, sanyin gari ne ke rufa musu asiri. A fara da lagireto. Tsakaninsa da ragar na'urar sanyaya ɗaki da ke gabansa akwai ɗan rata da ke cika da ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da gashin dabbobi da ƙwari, kuma ba a gani sai an kwance. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, domin injin wanki mai feshi yana lanƙwasa siraran ƙarafan. Daga nan a leƙa ciki. In shekara da shekaru ruwan rijiyar burtsatse ko na kogi ake zuba masa, to ƙananan bututunsa sun toshe da tsatsa da farin ƙasa, kuma wanki daga waje ba zai yi komai ba. Ruwan sanyaya inji na asali, mai launin ja ko hoda, ba don ƙasashen ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa yana kuma jinkirta tafasa. Murfin lagireto ma ka dube shi. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau na riƙe matsi har ya kai shi wajen 120 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta mutu kan jawo a sauke inji a banza.

Abin da na fi zargi a motarka shi ne fankar. Ta Hilux irin taka ba ta lantarki ba ce, tana da wani kuloci mai man silikon a tsakiya, wanda ke kama ta da ƙarfi idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi. In man ya tsiyaye, fanka za ta riƙa juyawa a ido amma ba ta jan iska. Gwajin ba wuya. Bayan ka dawo daga tafiya da lodi, ka kashe inji ka juya fankar da hannu. In ta yi ta walawala ba tirjiya, ta mutu. Mai lafiya kuwa kana jin rurinta idan inji ya yi zafi. A tabbatar kuma robar da ke kewaye da fankar tana nan, don makanikai kan cire ta su manta, alhali ita ke tilasta iska bi ta cikin lagireto.

Hayaƙin da ka ambata na iya zuwa daga wani wuri ban da tuƙi. Iskar da turbo ya matsa tana zafi, shi ya sa a yawancin motoci take bi ta wata raga mai sanyaya ta kafin ta shiga inji. In tiyon da ke kai ta ya tsage ko zobensa ya saki, iska na zurarewa, mai ya fi ƙarfin iska. Haka in filtar iska ta toshe. Kuma don Allah a daina hure filta da iskar falkanaiza mai ƙarfi, takardar na yagewa ba a gani, ƙura ta wuce ta riƙa cin fukafukan turbo. A kaɗe ta a hankali, in ta tsufa a sa sabuwa. Man gas ma a saya inda aka amince da shi. Nozul na irin wannan inji na feshi da matsin da ya wuce bar 1,000, ruwa ko kananzir kaɗan ya isa ya lalata su, kuma nozul mai ɗiga kan ƙona kan fistin. In fitilar filtar mai ta kama, a tsiyaye ruwan a ranar.

Baƙin mai shi ne ran turbo, domin sandar nan a kan siririn mai take shawagi. Mota mai jan kaya cikin ƙura a yi mata juye duk kilomita 5,000, da filtarsa, da man injin gas na gaske irin 15W-40 a rufaffiyar galan, ba na awo a bakin titi ba. Sannan in ka iso Kara ko ka sauka daga doguwar tafiya, kada ka murɗe makulli nan take. Ka bar ta tana aiki a tsaye kamar minti 2. Kai da ka san dabba, ba ka ɗaure dokin da ya yi sukuwa sai ka zagaya da shi ya huce. In ka kashe inji turbo na jajir, mai ya daina zagayawa, wanda ya rage a kan sandar ya ƙone ya zama gawayi, a hankali ya toshe hanyar man. Ka tuna kuma injin 2KD da bel yake tafiyar da lokacinsa, ana canza shi a kilomita 150,000, kuma in ba ka san yaushe aka canza naka ba, canza shi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan yi shiru a kai ba, wato nauyi da birki. Babban bijimi kan kai kilo 400. Uku, da nauyin tirelar kanta, sun doshi tan 2. Tirelar da ba ta da birkinta, abin da aka yarda irin motarka ta ja kilo 750 ne kacal, kuma galibin waɗanda ake haɗawa da tsohon gatarin mota ba su da birki. Injin da ya buga ana gyara shi, amma tirelar da ta tunkuɗa ka cikin jama'a a bakin kasuwa ba ta da gyara. Ka sa a yi mata birki da fitilun baya da sarƙar tsaro guda biyu, a ɗaure maƙalar a jikin shasi ba a bamba ba. Wajen lodi, nauyi ya ɗan rinjaya gaban tayoyin tirela, kamar kashi 10 cikin 100 ya sauka a kan maƙalar, a kuma raba shanun da shinge kada su taru a baya ta fara wutsil-wutsil. Iskar taya a gwada da safe kafin a hau titi, taya mai ƙarancin iska na ƙara wa inji aiki kuma ita ce ke fashewa da rana. In ciniki ya ƙyale ka, ka tashi bayan la'asar maimakon tsakar rana, shanun ma za su isa da sauran ƙarfinsu.

Ranar da allura ta hau a hanya, kashe na'urar sanyi, ka sauka gefe. In ba tururi kuma ruwa ba ya zuba, bar injin na aiki a tsaye har ta sauko. In akwai tururi, kashe shi. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, mutane da yawa sun ƙone fuska da hannu ta haka, kuma kada a kwarara masa fiya-wata mai sanyi, domin kan injin na alminiyam ne, yana iya tsagewa ko ya kantare.

Tun da motar ta riga ta ɗau zafi ba sau ɗaya ba, kafin ka kashe kuɗi a kasuwar Ƙofar Ruwa a fara tabbatar da gasket bai ƙone ba. Da safe, inji na sanyi, buɗe murfin lagireto ka tada motar. In kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko ruwa na raguwa kullum ba ka ga inda yake zuba ba, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gasket ne, kuma a auna kan injin kafin a mayar. In ba ka ga ko ɗaya ba, ka bi su a jere daga mai arha: murfi, wankin lagireto ciki da waje, kulocin fanka, tiyo da filta, sannan tamostat sabo. Bayan gyaran ka gwada ta da rabin lodi zuwa Kano a giya ta huɗu kafin ka cika ta.