Fotasiyam: Sinadarin da Zawo ke Ƙwace wa Yaro

Ya ke uwa, ya kai mai wayar da kan jama'a a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, wannan darasi zai bayyana muku dalilin da ya sa yaro mai tamowa yake saurin galabaita idan zawo ya kama shi.

Fotasiyam wani ƙarfe ne marar nauyi, mai taushin da wuƙa ke iya yanka shi. Idan aka jefa shi cikin ruwa yakan yi yawo a saman ruwan, ya kama da wuta. Wani masani ɗan Ingila, Humphry Davy, shi ya fara ware shi a shekarar 1807, daga sinadarin da ake samu a tokar itace. A cikin abinci kuwa yana zuwa ne a narke, a siffar gishiri, kuma jiki ba ya rayuwa sai da shi. Da shi zuciya ke buga yadda ya kamata, da shi tsoka ke motsi, da shi hanji ke aiki.

Yaro mai tamowa mai tsanani fotasiyam ɗin jikinsa ya riga ya ragu, sodiyam kuma, wato sinadarin gishirin miya, ya taru masa fiye da kima. Idan zawo ya zo sai ya kwashe ɗan abin da ya saura. Nan ne za ki ga yaro ya yi laushi, cikinsa ya kumbura, ya ƙi cin abinci, wani lokaci har zuciya ta kasa.

Saboda haka ruwan gishiri da sukari da ake haɗawa a gida bai wadatar ba, domin babu fotasiyam a cikinsa. Kanwa ma ba ta maye gurbinsa: mafi yawanta sodiyam ne. Kada a jiƙa wa yaro marar lafiya kanwa ko ruwan toka.

Ga abin da za ki yi. Idan yaron ba shi da tamowa, ki narkar da ƙunshin SRO guda a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Idan kuwa ma'aunin damtse ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ki kai shi likita a ranar, kina ci gaba da ba shi nono a hanya. A cibiyar CRENI ana ba irin wannan yaro ReSoMal, wanda fotasiyam ɗinsa ya ninka na SRO sau biyu, gishirinsa kuma bai kai na SRO ba. Ma'aikatan lafiya kaɗai ke bayar da shi. Plumpy'Nut ma yana ɗauke da fotasiyam daidai buƙatar yaron, don haka kada a raba shi da ƴan'uwansa.

Rigakafin yana cikin rumbunki da lambunki: wake, gujiya, aya, zogale, kuka, dankali, kabewa da tumatir. Daga wata 6, ki riƙa zuba garin wake ko na gujiya a kununsa kullum.

Kai kuma mai wayar da kai, a kowane gida ka shiga, ka danna bayan ƙafafun yaro na daƙiƙa 3. Idan gurbin yatsa ya zauna, ka tura su likita nan take.