Gasar ceton wanda ruwa ya ci

Damina ta sauka a Matamaye. Kududdufan da aka haƙa don yin tubali sun cika. Tabkunan Korama ma sun kawo ruwa. Yara suna murna, suna zuwa wanka da iyo. Amma wani lokaci yaro yakan zame cikin rami mai zurfi, ya fara nutsewa. To, wanda ke tsaye bakin ruwa, me ya kamata ya yi?

A ƙasashe da yawa, ceto cikin ruwa aiki ne da ake koyo. Har gasa ake yi a kansa, kamar yadda ake gasar kokawa a Nijar. Babban wurin da ake yin ta shi ne Wasannin Duniya. Wannan taro ne na wasanni iri-iri waɗanda ba su cikin Olimfik. Bayan shekara huɗu-huɗu ake yin sa. An fara shi a Amurka cikin 1981. An shigar da gasar ceto cikin 1985, a birnin Landan. Cikin 2025 an yi taron a birnin Chengdu na ƙasar Sin.

Ana yin gasar cikin tabkin da aka gina, mai tsawon mita 50. Ruwansa garau ne, ana ganin ƙasansa. Maza suna yin tasu, mata ma suna yin tasu. Ba a sa mutum ya nutse don a cece shi. Mutum-mutumin roba ake cikawa da ruwa, ya yi nauyi, a ajiye shi a ƙasan tabkin.

Ga misali guda. Ɗan wasa yakan yi iyo mita 25. Sai ya nutsa, ya ɗauko mutum-mutumin. Daga nan ya ja shi sauran mita 25 har bakin tabki. Wanda ya riga isa shi ya ci. A wani wasan, iyon mita 200 ake yi, ana bi ta ƙarƙashin shinge sau 8. A wani kuma ƴan wasa sukan sa takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, don su ƙara sauri. Na ɗaya yakan sami lambar zinariya, na biyu azurfa, na uku tagulla.

Masu ceto suna da wata gasa ta duniya tasu ta kansu. A can akwai wasan jifa da igiya. Mutum biyu ke yin sa. Ɗaya yana cikin ruwa, nisan mita 12 da rabi. Ɗaya yana tsaye a bakin tabki. Na tsaye ya naɗe igiya, ya jefa. Na ruwa ya kama, a jawo shi. Daƙiƙa 45 kawai aka ba su. Mai jifa ba ya shiga ruwa ko kaɗan.

Wannan wasa shi ne ya fi amfani ga yaron Matamaye. Ƴan wasan nan sun yi shekaru suna koyon iyo, kuma roba ba ta riƙe mutum. Mai nutsewa kuwa tsoro ya cika shi. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. In yaro ya faɗa ruwa don ya ceci abokinsa, abokin zai ƙanƙame shi, su nutse tare.

Saboda haka yaro mai hankali ba ya faɗawa. Da fari yakan yi kururuwa, ya kira manya. Sannan ya jefa igiyar guga, ko jarka wadda ba kome ciki, a rufe da marfinta. In abokin yana kusa, sai ya kwanta rub da ciki, ya miƙa masa doguwar sanda ko zane. In an fito da shi, a kai shi gidan likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin 2021 ruwa ya ci mutum wajen 300.000 a duniya, da yawansu yara ne. A wannan shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli don faɗakarwa kan nutsewa. A Matamaye, ranar tana faɗawa tsakiyar damina.

Tambayoyi
1. A wace shekara aka shigar da gasar ceto cikin Wasannin Duniya?
2. Don me ake amfani da mutum-mutumi?
3. Me ya sa yaro ba zai faɗa ruwa don ceton abokinsa ba?
4. Waɗanne abubuwa ake iya jefa wa mai nutsewa?

Aiki
A auna mita 12 da rabi a filin makaranta. Ɗalibai su kasu biyu-biyu, su gwada jifa da igiya.