Daga Alƙahira zuwa Iskandariyya a hutun ƙarshen mako

Ɗalibin da ke karatu a Alƙahira, musamman 'yan'uwanmu na Azhar, kada ya shekara huɗu bai san ko'ina ba sai hanyar aji da masauki. Hutun mako a Masar Juma'a ne da Asabar, don haka tafiya tun yammacin Alhamis take farawa.

Ka fara da Iskandariyya. Daga tashar Ramsis jirgin ƙasa mai sauri yakan kai ka cikin kamar awa uku. Sayi tikitin dawowa tun kafin ka tashi, domin ranar Asabar da yamma kujeru kan yi wuya. Can za ka ga babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, da ganuwar Ƙaitbai a bakin teku, sannan ka ci soyayyen kifi, wanda ni a ganina shi kaɗai ma ya isa dalilin zuwa.

Fasfo da takardar izinin zama su kasance a jikinka, otal ba ya karɓar baƙo sai da fasfo. Katin ɗalibi kuma yana rage kuɗin shiga wuraren tarihi.

Luksor kuwa a bar ta sai dogon hutu. Kusan awa goma ce a jirgi, ka dawo Lahadi kana gyangyaɗi gaban malam.