Wa Ke Biyan Kuɗin Kiran Gaggawa? Darasi Daga Amurka

 

Tambaya ce ta haifi darasin wannan mako. A zaman ƙungiyarmu na ranar Laraba, wata ƙanwarmu 'yar aji ɗaya ta ce ta lura ko babu kati a wayar mahaifiyarta, wayar tana nuna ana iya yin kiran gaggawa. Sai ta ce, "To idan mai kira bai biya ba, wa ke biyan wanda ya ɗauki wayar?" Muka yi ta kallon juna, aka rasa mai amsa. Malamin da ke kula da ƙungiyarmu ya yi murmushi ya ce, "Kun samu aikin wannan mako ke nan."

Mun zaɓi mu duba Amurka, domin a can akwai wani tsari da ya dace a nazarta: jihohi suna ɗora ɗan ƙarin kuɗi a kan kowane layin waya, su tara, su riƙe cibiyoyin amsa kiran gaggawa da shi.

Asalin lambar

Birnin Landan ne ya fara. A shekarar 1935 gobara ta tashi a wani gida, mata biyar suka rasu. Wani maƙwabci ya yi ƙoƙarin kiran 'yan kwana-kwana, amma aka bar shi yana jiran layi a ofishin haɗa waya. Jama'a suka fusata, kuma a 1937 aka buɗe lambar 999. Amurka ta biyo baya da lambar 911. An yi kiran farko ranar 16 ga Fabrairu, 1968, a wani ƙaramin gari mai suna Haleyville a jihar Alabama. A 1999 aka yi dokar tarayya da ta mayar da 911 lambar gaggawa ta ƙasar baki ɗaya. A yau ana ƙiyasta kira kusan miliyan 240 a shekara, kuma akasarinsu daga wayar hannu suke fitowa.

Me ke cin kuɗin?

Mu ɗauka gobara ta tashi da ƙarfe biyun dare, wani ya danna 911. Kiran zai faɗa wata cibiya inda ma'aikaci ke zaune ido biyu. Zai tambayi inda abin ya faru da abin da ya faru, kwamfutar gabansa tana nuna masa lambar mai kira da wurin da yake a taswira. Daga nan sai ya tura motar kashe gobara, ko 'yan sanda, ko motar asibiti. Idan wani ne numfashinsa ya tsaya, ma'aikacin zai riƙa koya wa mai kira yadda zai danna ƙirjin maras lafiya har taimako ya iso.

Duk wannan kuɗi ne. Akwai albashin ma'aikata da ke karɓa-karɓa dare da rana, ba hutun ƙarshen mako, ba hutun biki. Akwai horar da su. Akwai kwamfutoci, da rediyon magana da jami'an da ke kan hanya, da taswirar da sai an riƙa sabunta ta duk lokacin da aka yi sabon titi, da janareta saboda ɗaukewar wuta. Ko ba a kira ba, dole cibiyar ta kasance a shirye, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Me zai hana a caji mai kira? Dalili a fili yake. Wanda gidansa ke ci da wuta bai kamata ya tsaya lissafin kati ba. Idan kiran na kuɗi ne, talaka zai yi jinkiri, mai wucewa da ya ga haɗari a hanya zai ce ba ruwansa. Shi ya sa dokar Amurka ta tilasta wa kamfanonin waya su isar da kiran 911 ko da wayar ba ta da layi mai aiki. To, tunda ba a karɓa a lokacin kira, sai a karɓa tun kafin buƙata ta taso, daga hannun kowa, kaɗan-kaɗan.

Misalin jihar Fensilbeniya

A Amurka ba gwamnatin tarayya ce ke tafiyar da cibiyoyin 911 ba. Aikin jihohi ne da gundumomi da birane, don haka kowace jiha da dokarta da farashinta. Mu ɗauki Fensilbeniya, jiha mai mutane kusan miliyan 13 da gundumomi 67.

Tun 1990 jihar ta ba gundumomi izinin ɗora ƙarin kuɗi a kan wayar tarho ta gida, mai igiya. Da wayar hannu ta yaɗu, mutane suka riƙa yanke tarhon gida, kuɗin da ke shigowa ta wannan hanya ya riƙa raguwa, alhali kiran ƙaruwa yake yi. Aka ɗora wa wayar hannu nata, daga baya aka ɗora wa wayar intanet, tsarin ya zama faci a kan faci. A 2015 majalisar jihar ta yi sabuwar doka, ta haɗe su duka a farashi ɗaya: dala 1 da senti 65 a wata, ko wace irin waya ce. Daga 1 ga Maris, 2024, aka ƙara zuwa dala 1 da senti 95.

Ga hanyar da kuɗin ke bi:

1. Yawancin Amurkawa a ƙarshen wata suke biyan kuɗin waya. A takardar biyan akwai layi guda da ke nuna kuɗin 911. Wanda ke sayen kati kamar yadda muke yi kuwa, a shago ake cire masa a lokacin saye.
2. Kamfanin waya ko mai shago ɗan aike ne kawai. Yana karɓa ya miƙa wa jiha.
3. Jiha tana zuba kuɗin a wani asusu na musamman, wanda doka ta ce na 911 ne kaɗai. Hukumar agajin gaggawa ta jihar, PEMA, ita ke kula da shi.
4. Duk bayan wata uku ana rabawa. Kashi 83 cikin ɗari na tafiya gundumomi bisa ƙa'idar rabo da ke duba abubuwa kamar yawan jama'a. Kashi 15 na tafiya aikin haɗa cibiyoyin jihar da juna, yadda idan ɗaya ta samu matsala wata za ta karɓi kiranta. Kashi 2 na hukumar ne don gudanarwa.
5. Gundumomi suna ba da bayanin yadda suka kashe, kuma ana bin diddigi.

Mu yi lissafi

Ga inda 'yan ajin lissafi za su ji daɗi. Layi ɗaya a wata 12: dala 1.95 sau 12, dala 23.40 ke nan a shekara. Gida mai layi huɗu zai biya dala 7.80 a wata, wato dala 93.60 a shekara. Layi miliyan ɗaya kuwa zai kawo dala miliyan 1.95 a wata, dala miliyan 23.4 a shekara. Da yayyafi kogi kan cika. Fensilbeniya tana tara sama da dala miliyan 300 a shekara ta wannan hanya, kuma duk da haka bai isa ba. Gundumomi ne ke cike giɓin daga harajin gidaje da filaye.

Farashin ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A 2020 jihar Kalifoniya ta koma karɓar senti 30 a kan kowane layi. Birnin Shikago kuwa ya kai nasa dala 5 a wata tun 2018. Idan aka haɗa ƙasar duka, abin da aka tara a 2019 ya ɗan haura dala biliyan 3.

Amfanin tsarin da rauninsa

Amfaninsa na farko shi ne kuɗin na shigowa kowane wata, ba sai an jira an gama ja-in-jar kasafin kuɗi a majalisa ba. Na biyu, duk mai waya yana iya buƙatar kiran wata rana, don haka duk mai waya ya sa hannu. Na uku, mai biya yana ganin adadin a rubuce da sunan aikin da aka karɓa dominsa.

Rauninsa ma uku ne. Na farko, attajiri da ɗan dako farashi ɗaya suke biya, ka ga nauyin ya fi danne maras ƙarfi. Na biyu, farashin a tsaye yake sai majalisa ta taɓa shi, alhali albashi da kayan aiki kullum tashi suke yi. Fensilbeniya ta shafe fiye da shekara takwas a kan dala 1.65. Ga kuma sabon tsarin da ake komawa, mai aiki da intanet, wanda zai karɓi saƙon tes da hoto da bidiyo, kuma tsadarsa ba kaɗan ba ce. Rauni na uku shi ne babba, don haka muka ware masa nasa sashe.

Inda gizo ke saƙa

Kuɗi idan suka taru, idanu kan faɗa kansu. Wasu jihohi suna karɓar kuɗin da sunan kiran gaggawa, sannan su kashe wani kaso a wasu hidimomi dabam. A jihar Niyok ana karɓar dala 1 da senti 20 a wata a kan wayar hannu, amma dokar jihar da kanta ta ce kashi 41.7 cikin ɗari ya wuce babban asusun gwamnati. Ku buga lissafin: senti 50 ke nan daga kowace dala 1.20.

Ba aljihun wani kuɗin ke shiga ba, kuma jiha tana iya cewa ai jama'a aka yi wa aiki da su. Amma abin da aka gaya wa mai biya dabam, abin da aka yi dabam. Sakamakonsa kuma a cibiya ake ganinsa: tsofaffin na'urori, ƙarancin ma'aikata, waɗanda ke nan su yi ta doguwar tsayuwa har su gaji su ajiye aiki. Idan ma'aikata suka yi kaɗan, waya za ta yi ta ƙara ba a ɗauka da wuri ba. Ga wanda zuciyarsa ta tsaya, kowane minti ɗaya na jinkiri yana rage damar rayuwarsa.

Me aka yi a kai? A 2008 majalisar tarayya ta umarci hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta riƙa fitar da rahoto duk shekara a kan abin da kowace jiha ta tara da yadda ta kashe. Rahoton da ya shafi 2019 ya ambaci jihohi biyar, ciki har da Niyok da maƙwabciyarta Niyu Jazi, da suka karkatar da kimanin dala miliyan 200. Jihar da aka samu da haka ba ta cancanci tallafin tarayya na 911 ba. A ƙarshen 2020 aka ƙara tsaurara doka, a 2021 kuma FCC ta fitar da jerin abubuwan da ya halatta a kashe kuɗin a kansu. Albashi da horo da kayan cibiya sun halatta. Zuba kuɗin a babban asusu bai halatta ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abin lura shi ne, rubutu a fili ne ya tona asirin. Da ba a wajabta rahoton shekara-shekara ba, da mai biyan senti 50 bai taɓa sanin inda kuɗinsa ya nufa ba.

Mu fa a nan gida?

A Najeriya lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ta gina cibiyoyin amsa kira a Abuja da jihohi da dama, inda ake miƙa kiran ga 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko hukumar kiyaye haɗurra, ko masu motar asibiti. Ba ma ganin wani kuɗin 112 a rubuce idan mun sayi kati, amma tambayar ƙanwarmu tana nan daram: akwai mai biyan albashin, akwai mai sayen man janareta, kuma daga dukiyar jama'a ake yi.

Wannan ya ɗora mana nauyi biyu. Kada mu kira lambar don wasa ko gwaji, domin yayin da muke dariya wani yana can yana jiran layi da jini a jikinsa. Sannan kowa ya iya kwatancen gidansu da makarantarmu a taƙaice: sunan unguwa, sunan titi, da wata alama sananniya kamar masallaci ko gidan mai.

Tambayoyin mako

1. Idan wata jiha tana da layi miliyan 5 kuma tana karɓar senti 90 a wata, nawa za ta tara a shekara?
2. Idan ta karkatar da kashi ɗaya cikin huɗu, nawa ya rage wa cibiyoyin?
3. Wanne ya fi adalci: kowa ya biya farashi ɗaya, ko kowa ya biya gwargwadon abin da yake kashewa a waya? Kawo hujja biyu.
4. Idan ajinku ya yi karo-karo don sayen akwatin taimakon farko, waɗanne dokoki uku za ku kafa don kada kuɗin su koma hidimar bikin ƙarshen zango?

A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya da ke bakin ɗakin karatu kafin ranar Litinin. Amsa uku mafi kyau za su hau wannan allo a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.