Yadda Ake Duba Jikin Jif Da Ƙashinta Kafin A Biya Kuɗi

Shawarar da ta fi cutar da magidanta wajen sayen jif ita ce wadda ake cewa in dai inji na tashi lafiya, giya na shiga, to sauran duk mai sauƙi ne. Ba haka ba ne. Inji ana sauke shi a ɗora wani; ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, za ka samu. Amma ƙashin mota, wanda makanikai ke ce wa casis, in ya lanƙwashe ko tsatsa ta cinye shi, gyaransa da wuya ya mayar da shi yadda yake. Kuma shi ne zai kare iyalinka ranar da aka yi karo, Allah Ya kiyaye.

Koke-koken masu jif ɗin iyali ba su da yawan iri: ƙofa ba ta rufuwa sai an buga, kafet na jiƙewa da damina, taya na cinyewa gefe guda, baya na ƙara a kan gargada, fenti na ɓarewa. Mafi yawansu suna da alama tun ranar ciniki. Ga yadda ake ganinta.

Abin da za ka riƙe: tocila mai haske sosai, ƙaramin maganaɗisu marar ƙarfi irin na jikin firji, sukudireba, tef ɗin awo, tsumma, kwalin da za ka kwanta a kai, da robar ruwa ɗaya.

1. Ka je da rana

A wanke motar, ta bushe, a fito da ita fili. Kada ka duba mota da magariba ko tana jiƙe, domin ruwa na ɓoye lotsawa da bambancin fenti.

2. Ka karanta lambar casis

Haruffa da lambobi 17 ne. Suna ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, suna kuma kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofarsa. Su yi daidai da juna, su yi daidai da takardun kwastan. Na farko yana faɗa maka inda aka ƙera ta: J Japan, 2 Kanada, 1 ko 4 ko 5 Amurka. Na goma shi ne shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Wannan na goman ka riƙe shi da kyau, don yanzu ana sauya wa tsohuwar Highlander ko Lexus RX 350 bamba da fitilu ta koma kamar 'yar bana, a ɗora maka kuɗin sabuwa.

Sannan ka rubuta lambar a Google. Da yawan motocin da ke shigowa ta Legas da Kwatano an sayo su ne a gwanjon Copart ko IAAI a Amurka, bayan kamfanin inshora ya ga gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu. Sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna nan a intanet. Dillali zai ce maka “ɗan gogar bamba ce kawai, Alhaji.” Hoton ne zai raba gardama.

3. Ka dubi tsagin da ke tsakanin sassa

Tsakanin bonet da fenda, tsakanin ƙofa da ƙofa, tsakanin murfin but da fitilun baya. Ka bi da yatsa daga sama har ƙasa. Faɗin tsagin hagu ya zama ɗaya da na dama. In ya buɗe a sama ya tsuke a ƙasa, wani abu ya goce a ciki.

4. Ka bi jiki da maganaɗisu

Ka naɗe shi a tsumma don kada ya karci fenti, ka bi ƙofofi, fenda, ginshiƙai da rufi. Inda ya saki, akwai foti mai kauri a ƙarƙashi. Ka dai tuna bamba roba ce, kuma wasu motocin bonet ɗinsu ko murfin but na alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama su ko kaɗan. In kana da hali ka sayi na'urar auna kaurin fenti, kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba. Fentin kamfani yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 180 ko kusa da haka. In ka ga wani wuri ya ninka sau uku ko huɗu, an yi aiki a wurin. Sake fenti kaɗai ba laifi ba ne, ranar ƙasarmu na ƙona rufi da bonet. Abin tambaya shi ne me aka rufe da shi.

5. Ka buɗe bonet, ka manta da inji

A nan aikin yake, kuma a nan kowa ke yin sauri. Mutum ya buɗe bonet, ya zaro sandar duba mai, ya saurari inji, ya rufe. Kai kuwa ƙarfe za ka duba.

Ka fara da kusoshin da suka ɗaure fenda da na marikin bonet. A kamfani ana fesa fenti ne bayan an ɗaure su, don haka kawunansu na da fenti sumul. In ka ga fentin ya ɓare a kusurwoyin kan kusa, ko ka ga zoben tsohon mazauninta ya leƙo gefe, sifana ta taɓa hawa kai. An cire sashen kenan. Yawancin motocin Toyota da Honda na kasuwar Amurka kuma suna da 'yar takarda mai lambar casis a manne a bonet, fenda, kowace ƙofa da murfin but. Inda babu ita, ko ka ga wadda aka rubuta R DOT, sashen ba nata ba ne na asali.

Yanzu ka haska tocila ƙasa, gefen inji hagu da dama. Akwai ƙarafa biyu masu kauri da suka miƙe daga bayan bamba suka shige ƙarƙashin mota. Highlander, Pilot, CR-V da RAV4 jikinsu da ƙashinsu a haɗe suke, abu guda ne, saboda haka waɗannan ƙarafan biyu su ne ke shanye bugu in an yi karo. An ƙera su ne su naɗe sau ɗaya. In mai gyaran jiki ya gasa su da wuta ya ja da sarƙa har suka miƙe, a ido sun dawo, amma ƙarfen ya riga ya yi rauni. Alamar da za ka nema: yamutsa ko tudu a inda ya kamata ya zama shafe, sawun guduma, baƙin ƙuna, sawun haƙoran matsi a bakin ƙarfe, ko baƙin fenti sabo fil a wuri ɗaya alhali kewayensa duk ƙura ce ta shekaru.

Ka koyi bambanta waldar kamfani da ta gareji. Ta kamfani 'yan ɗigo ne zagayayyu, a lotse kaɗan, girman ƙwayar masara, jere da tazara iri ɗaya. Ta gareji doguwa ce mai ƙuraje, ko an goge ta da inji an shafe da foti. Haka ma gam ɗin da ake bin bakin haɗin ƙarfe da shi: na kamfani layi ne mai tsari, da fenti a kansa, na gyara za ka ga sawun yatsa ko buroshi, wani lokaci farcenka ma na shiga cikinsa don bai gama ƙanƙarewa ba. Dabarar ita ce ka riƙa kwatanta hagu da dama. Abin da ka gani a gefe ɗaya ka neme shi a ɗayan.

In zuciyarka ba ta kwanta ba, ɗauko tef. Ka auna daga kusar kan shokozoba ta hagu zuwa wani rami ko kusa a gaban dama, sannan ka auna kishiyarsa daga wurare masu kama da su. Awon biyu ya zo ɗaya, ko bambancin ya tsaya a milimita biyu zuwa uku. In ya kai santimita, gaban motar ya karkace, kuma babu mai saitin taya da zai hana ta cin taya.

6. Ka zare robar bakin ƙofa

Ba a manne take ba, da hannu ake ja, da hannu ake mayarwa. A ƙarƙashinta za ka ga jerin ɗigon waldar kamfani tun daga rufi har dokin ƙofa. Ka duba ƙofofin huɗu. Inda ɗigon ya ɓace ya koma shafe, ko ka ga layin walda ya gitta ginshiƙi, an yanka an haɗa. Akwai motar da gabanta na wata ne, bayanta na wata. Wannan ko kyauta aka ba ka, kada ka sa 'ya'yanka a ciki. In mai mota ya hana ka zare robar, ka yi masa sallama.

7. Ka shiga ƙarƙashi

A kai ta rami ko a ɗaga ta. Leƙe daga tsugune ba dubawa ba ne. Mu a nan busasshiyar ƙasa gare mu, shi ya sa mutanenmu ba sa tsoron tsatsa. Amma motar ba a nan ta girma ba. A jihohin arewacin Amurka irin su New York, Michigan, Ohio da Pennsylvania, da kuma Kanada, gishiri ake zubawa a titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin yana shiga cikin ƙarafan ƙasa ya kwanta, ya ci daga ciki zuwa waje.

Kamfanonin da kansu sun san da haka. A 2016 Toyota ta amince da sulhu na kusan dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar casis a Tacoma, Tundra da Sequoia ta 2005 zuwa 2008. A 2023 Honda ta yi kiran a dawo da CR-V ta 2007 zuwa 2011 sama da 560,000 a jihohin gishiri, saboda tsatsa na cin ƙashin baya har hannun da ke riƙe da tayar baya ya iya ɓallewa. Motar da ta baro can kafin kiran ba ta ga wannan gyara ba. Shafin intanet na hukumar NHTSA ta Amurka yana nuna maka kyauta ko akwai kiran da ba a cika ba, in ka sa lambar casis.

Jan tsatsa na sama-sama ba komai ba ne. Wadda ake gudu ita ce mai kumbura, mai ɓarewa falle-falle. Ka ƙwanƙwasa da gindin sukudireba: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, garin tsatsa na zubowa. Ka danna da tsinin a inda ƙafafun baya suka ɗaure, da wuraren sa jak, da ƙasan dokin ƙofa. Prado, 4Runner da Sequoia casis ɗinsu daban yake da jiki, to su ka haska tocila cikin ramukan ƙarfen, ka zura yatsa ka ji. Kuma ka yi hattara da ƙarƙashin da aka fesa wa baƙin kwalta ya yi kyau har da ƙyalli. Motar shekara goma sha biyar ba ta zuwa haka don kanta.

8. Ka nemi sawun ruwa

Ka rufe gilasai na ɗan lokaci, ka shiga ka shaƙa. Warin rima, ko turaren da ya yi yawa, duk alama ce. Ka ɗaga kafet, ka fitar da safaya ka duba raminta, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai layin laka. Tsatsa a kusoshin ƙafar kujera da yashi a ƙarƙashin dashbod na nuna motar ambaliya ce. Guguwar Katrina a 2005, Sandy a 2012 da Harvey a 2017 duk sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Amurka. Motar da ruwa ya taɓa nutsarwa, wayoyinta ne za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

In tana da tagar rufi, buɗe ta ka zuba ruwa kaɗan a kwatar gefenta. Akwai 'yan ramuka a kusurwoyi, ruwan ya kamata ya fito ƙasa kusa da taya nan take. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya na toshe su, ruwan farko na damina sai ya bi ta ginshiƙi ya sauka kan kafet. Ana buɗe su da siririyar igiyar roba mai laushi, a hankali. Kada ka bari mai faci ya hura musu iskar injinsa: tiyon zai fizge a cikin rufi, sai an sauke silin kafin a mayar.

9. Ka tuƙa

Kunna makulli: fitilar jakar iska ta kama, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. In ba ta kama ba sam, ka ɗauka an kashe ta ne don a ɓoye matsala. A shimfiɗaɗɗen titi ka sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe. Ka sa wani ya bi ka a baya ya duba ko tana tafiya a karkace. Ka hau gargada rediyo a kashe. Daga ƙarshe ka ɗora taya ɗaya a kan tudu, ka buɗe ka rufe duk ƙofofi da but. In suna cijewa a haka, jikin ya saki.

10. Ka yanke hukunci

Bamba, fenda, bonet, ƙofa ko fitila da aka sauya, da fentin da aka sake, waɗannan dalilin neman ragi ne, ba na fasa ciniki ba. Abubuwa huɗu kuwa ba a ciniki a kansu: ƙarfen gaba da aka gasa aka ja, ginshiƙin da aka yanka aka haɗa, tsatsar da ta huda inda ƙafa ta ɗaure, da motar ambaliya. Araha ba ta ado.

Ka tafi da mai gyaran jikin mota naka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ka biya shi ladan dubawa ko an saya ko ba a saya ba. Wanda sai an yi ciniki zai samu la'ada ba zai ce maka ka fasa ba.