Sepp Hochreiter: Ɗalibin da ya Gano Dalilin Mantuwar Kwamfuta

Gabatarwa

A ajinmu na nahawu akwai abokan karatu da suka zo da Yarbanci ko Ibo a matsayin harshen uwa, kuma na lura babu abin da yake ba su wahala kamar "ya" da "ta", domin harsunansu ba sa bambanta jinsi a wakilin suna. In jumla gajera ce sukan dace, amma da zarar ta yi tsawo sai a manta da wa aka faro. Kwamfuta ma ta daɗe tana fama da irin wannan mantuwa. A wannan maƙala zan kawo tarihin wani Bajamushe masanin ƙirƙirarriyar basira, Sepp Hochreiter, wanda ya gano sanadin matsalar tun yana ɗalibi, sannan in bayyana maganin da ya samo mata.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Josef Hochreiter, wanda aka fi sani da Sepp, a shekarar 1967 a garin Mühldorf da ke jihar Bavaria a kudancin Jamus. Ya karanci ilimin kwamfuta a Jami'ar Fasaha ta Munich. A shekarar 1991, yana da shekara 24, ya miƙa kundin kammala karatunsa a ƙarƙashin kulawar Jürgen Schmidhuber. A nan jami'ar ya sami digirin digirgir a 1999. Daga nan ya yi bincike a Jami'ar Colorado ta Amurka har zuwa 2001, sannan ya koma Jami'ar Fasaha ta Berlin. A 2006 ya zama farfesa a Jami'ar Johannes Kepler da ke Linz a ƙasar Ostiriya.

Matsalar da ya Gano

Mu dubi wannan jumla:

Yarinyar da malam ya gani a bakin titi jiya da dare lokacin da ake ruwan sama ___ dawo.

Kowane Bahaushe zai cike gurbin da "ta". Amma tsakanin "yarinyar" da gurbin akwai kalmomi 15, kuma a cikinsu akwai sunaye na jinsin namiji kamar malam da titi da dare, waɗanda za su iya ruɗar da mai koyo. Kafin mutum ya dace, dole ya riƙe kalmar farko a ransa, ya ƙyale na tsakiya.

A wancan zamani masana suna gwada wani tsarin lissafi da aka kwaikwayo daga jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda yake karɓar bayani ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda muke sauraron magana kalma bayan kalma. Yadda ake koya masa shi ne, in ya yi kuskure sai a aika saƙon gyara baya, mataki bayan mataki, har ya isa inda kuskuren ya samo asali. Abin da Hochreiter ya nuna a kundinsa shi ne, a kowane mataki ana ninka saƙon da wata lamba. In lambar ba ta kai 1 ba, saƙon yana ta ƙanƙancewa. Alal misali, in rabi ce, bayan mataki 10 abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. In kuwa lambar 2 ce, bayan mataki 10 saƙon ya kumbura sau 1,024, lissafi ya rikice. Ke nan gyaran ba zai taɓa isa ga "yarinyar" yadda ya kamata ba, kwamfuta kuwa ba za ta koyi cewa ita ce ta haifar da "ta" ba.

Da Jamusanci ya rubuta wannan kundi, don haka masana ƙalilan ne suka karanta shi a wajen ƙasarsa. Sai a 1994 Yoshua Bengio da abokan aikinsa suka buga nasu binciken a kan matsalar da Ingilishi, aka fi saurin saninsa.

Maganin da ya Samo

A 1997 Hochreiter da Schmidhuber suka buga wata maƙala a mujallar Neural Computation, inda suka gabatar da tsarin da ake kira LSTM, wato gajeren tuni mai daɗewa. Dabarar ita ce a tanadi wata ma'ajiya wadda lambar ninkinta 1 ce daidai, ta yadda saƙo zai ratsa ba ragi ba ƙari. Sai aka sa mata ƙofofi biyu, ɗaya tana zaɓar abin da zai shiga, ɗaya tana zaɓar lokacin da za a fito da shi. A gwajin da suka yi, tsarin ya riƙe bayani fiye da mataki 1,000. Bayan 'yan shekaru Felix Gers da Schmidhuber da Fred Cummins suka ƙara ƙofa ta uku, ta mantuwa, domin in jumla ta ƙare ya kamata a share ma'ajiya a jira wata.

In muka koma ga jumlarmu, ƙofar shiga za ta ajiye cewa an faro da mace guda ɗaya, ta hana malam da titi shiga, ƙofar fita kuma ta buɗe daidai gurbin.

Jiran Sakamako

Aikin bai samu karɓuwa nan take ba, saboda kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfi, bayanan koyarwa kuma ba su da yawa. Hochreiter ya karkata ga amfani da dabarunsa a nazarin ƙwayoyin halitta, kuma ayarinsa na Linz ya yi zarra a gasar Tox21 ta 2014, ta hasashen gubar sinadarai. Sai a 2015 Google ya sa LSTM a na'urarsa ta gane murya, a 2016 kuma ya fara amfani da shi a Google Translate, kusan shekara 20 bayan maƙalar. Hausa ta riga ta shiga wannan manhaja tun 2013.

A 2017 masanan Google suka fito da wani tsari, Transformer, wanda yake duban dukkan kalmomin jumla a lokaci guda. Shi ne ya ture LSTM a yawancin ayyukan harshe, kuma a kansa aka gina ChatGPT na 2022. Sai dai aikinsa yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da tsawon rubutu ya ninku sau biyu. Wannan giɓi ne Hochreiter ya nufa da sabon tsarinsa xLSTM, wanda ya fitar a 2024.

Kammalawa

Abu biyu na ɗauka daga wannan tarihi. Na farko, dangantakar suna da lamirinsa da muke zanawa a allo ita ce tambayar da ta tsaya wa injiniyoyi shekaru da dama, don haka kada mu raina darasin nahawu. Na biyu ya shafi mu da muke rubuta kundinmu da Hausa. Harshen gida bai hana Hochreiter gano abin da manya ba su gano ba, amma ya jinkirta isar labarin ga sauran masana. Shawarata ga 'yan aji huɗu ita ce, a rubuta kundi da Hausa a kuma inganta shi, sannan a yi masa tsakure mai kyau da wani harshen, don wanda bai ji Hausa ba ya san abin da ke ciki.